Ƙarin Ilmi ga Likitan Iyali da Horar da Masu Koyar da Shi

A bakin Titin Zariya, a unguwar Gyadi-Gyadi cikin Ƙaramar Hukumar Tarauni, nan Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yake, wanda mutanen gari suka taƙaita sunansa suke ce masa Asibitin Malam. An kafa shi cikin 1988 domin ɗaliban likitanci na Jami'ar Bayero su sami wurin koyon aiki. Da fari ya yi zaman aro a Asibitin Murtala, sai cikin 1996 ya tare a mazauninsa na yanzu. In aka ambaci asibiti irin wannan, abin da ke fara faɗo wa mutane a rai shi ne ɗakin tiyata da manyan likitoci waɗanda kowannensu ya ƙware a gaɓa guda, wannan na zuciya, wancan na ƙoda. Amma da yawa daga masu shiga ƙofarsa da sassafe ba wajen waɗannan suka nufa ba. Kati suke yanka, su zauna bisa benci, su jira a kira su gaban likitan da ke duba kowa da kowa: tsoho mai hawan jini daga Unguwa Uku, matar aure mai ciwon mara daga Darmanawa, ɗan makaranta mai zazzaɓi daga Hotoro. Wannan likita shi ne a yau ake kira likitan iyali, kuma asibitin yana da sashe na musamman da ke horar da irinsa.

Akwai wani lissafi da ya nuna matsayin wannan likita tun da daɗewa. Cikin 1961 wani likita mai suna Kerr White da abokan aikinsa suka tattara bayanai daga Amurka da Ingila, suka ce in aka ɗauki baligai 1,000, cikin wata guda 750 za su ji wani abu na damun jikinsu, 250 za su ga likita, 9 za a kwantar da su a asibiti, amma mutum 1 tak za a tura asibitin jami'a. Adadin ba na Kano ba ne, sai dai abin da yake nunawa ya shafi kowace ƙasa. Ɗalibin da ya yi dukan karatunsa a ɗakunan kwanciya na asibitin koyarwa ya san mutum ɗayan nan ƙwarai, alhali kuwa in ya fita aiki sauran 249 ne za su cika masa ofis. Su kuwa ba sa zuwa da sunan cuta rubuce a goshi. Da "jikina ne duk ba daɗi" suke zuwa, aikin likita ne ya tsamo mai hatsari daga cikin masu sauƙi.

An daɗe ana ɗaukar wannan aiki a matsayin abin da kowane likita zai iya da zarar ya karɓi digiri. A Ingila sai da wani rahoto na Joseph Collings ya fito cikin 1950, ya fallasa yadda aikin ya lalace, sa'an nan aka farga. Aka kafa kwalejin irin waɗannan likitoci cikin 1952, daga farkon shekarun 1980 kuma doka ta wajabta horo na musamman kafin mutum ya riƙe wannan aiki da kansa. Amurka ta amince da likitancin iyali a matsayin fanni mai cin gashin kansa cikin 1969. Nijeriya ba ta yi jinkiri sosai ba. Bayan taron Alma-Ata na 1978, wanda ya ɗora lafiyar duniya bisa kiwon lafiya matakin farko, sai aka kafa Kwalejin Ƙasa ta horar da ƙwararrun likitoci cikin 1979, wadda mazauninta ke Ijanikin a Jihar Legas, aka sa wannan fanni cikin tsangayoyinta. Dokta Andrew Pearson, wanda ya daɗe yana aiki a Asibitin Wesley Guild na Ilesha, yana cikin waɗanda suka aza harsashin tsarin, kuma asibitocin mishan irin su na Baptist a Ogbomosho da Evangel a Jos suna cikin wuraren da aka fara bayar da horon. Dalilin zaɓensu a fili yake: a can likita guda shi ke karɓar haihuwa mai gardama da dare, ya yi wa mai gwaiwa aiki da safe, ya duba yara da hantsi.

A tsarin da ake bi, wanda ya gama shekara shida ta jami'a, da shekarar gwaji a asibiti, da shekarar yi wa ƙasa hidima, sai ya ci jarrabawar share fage, ya shiga horo na wasu shekaru. Zai zagaya sashen yara, da na mata da haihuwa, da na tiyata, da na taɓin hankali, da na ido da kunne, ya ci jarrabawa kashi na ɗaya, ya rubuta kundin bincike, ya ci kashi na biyu, a ƙarƙashin Kwalejin Ƙasa ko kuwa Kwalejin Likitoci ta Afirka ta Yamma wadda aka kafa cikin 1976. To, amma ko wanda ya haye wannan duka bai yi sauka ba, domin littafin da ya karanta sauya shi ake yi yana cikin aiki.

Alal misali a dubi zazzaɓin cizon sauro. Likitan da ya fita daga jami'a cikin 1990 an koya masa cewa kulorokwin shi ne magani na farko, kuma duk zazzaɓin damina ana iya ɗaukarsa na sauro ne ko ba a yi gwaji ba. Ƙwayar cutar ta bijire wa maganin, har cikin 2005 Nijeriya ta koma ga haɗin magunguna masu sinadarin atemisinin, wanda masu bincike na ƙasar Sin suka samo daga wani tsiro dangin tazargade. Cikin 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a riƙa gwada jini kafin a ba da magani. A wannan shekara kuma aka buga sakamakon wani babban gwaji da aka yi kan yara fiye da 5,000 a ƙasashen Afirka tara, har da Ilorin, wanda ya nuna allurar atesunet ta fi kwinin ceton rai in zazzaɓin ya yi tsanani. Watau cikin shekara ashirin duk abin da wannan likita ya haddace game da cutar da ya fi gani kullum ya zama tsohon yayi. Haka gyambon ciki: an yi zamanin da ake ɗora laifinsa kan yaji da yunwa da damuwa kaɗai, har Barry Marshall da Robin Warren na Ostareliya suka nuna a farkon shekarun 1980 cewa wata ƙwayar cuta ce ke haddasa mafi yawansa, aka ba su lambar Nobel cikin 2005.

Wani lokaci kuma tsohon abu ne ke dawowa. Mashaƙo cuta ce da likitoci matasa da dama suka sani a littafi kawai, saboda allurar rigakafi ta rage ta ƙwarai. Daga ƙarshen 2022 ta ɓarke a Nijeriya, Kano ce kuwa ta fi kowace jiha jin jiki. Yaro zai zo da ciwon maƙogwaro da zazzaɓi marar zafi sosai, abin da ake gani sau da yawa a yini guda. Bambancin yana ga likitan da ya tuna ya sa a buɗe baki ya duba da fitila, ya ga farar yanar nan mai duhu-duhu da ta manne a maƙogwaro, ya taɓa kumburin wuya, ya san cewa maganin kashe dafin cutar da wuri yake amfani. Wanda bai tuna ba zai rubuta maganin mura ya sallami yaron ya koma cikin 'yan'uwansa.

Saboda irin wannan ne Majalisar Likitoci ta Nijeriya, wadda dokar 1963 ta kafa, ta sharɗanta cewa ba za a sabunta wa likita lasin aiki ba sai ya nuna shaidar ƙaro ilmi, maki 20 a shekara. Niyyar mai kyau ce. Sai dai maki ana samunsa da zama a zauren taro, a sa hannu a rajista, a karɓi takardar shaida, kuma babu wanda ya taɓa warkewa da takardar shaida. Cikin 1999 David Davis na Jami'ar Toronto da abokansa suka bi diddigin gwaje-gwajen da aka yi kan wannan batu, suka buga a mujallar Ƙungiyar Likitocin Amurka cewa lacca zalla, wadda mutum ɗaya ke magana saura na saurare, ba ta cika sauya yadda likita ke aiki ba. Abin da ke tasiri shi ne zaman da ake tattauna matsalar majinyaci na gaske, a gwada aiki da hannu, a sake haɗuwa bayan wani lokaci. (Mai karanta ɗan littafin laccoci yana da damar yin murmushi a nan.)

Nan ne maganar ta koma kan malami. Mutanen Kano ba baƙi ba ne ga irin koyarwar da ake nufi, gama ita ce ta makarantar zaure: kowane ɗalibi da littafinsa da inda ya tsaya, ya ja baƙi a gaban malam, malam ya ji da kunnensa, ya gyara masa nan take, saura suna ƙaruwa da gyaran. Abin da ya sa wannan hanya ta yi ƙarko shi ne malam yana ganin ɗalibi yana yin abin. George Miller ya tsara wannan ma'ana cikin 1990 a hawa huɗu: mutum ya san abu, ya san yadda ake yi, ya iya nunawa in an ce ya nuna, sa'an nan ya zama yana yi kullum ko ba mai kallonsa. Jarrabawar takarda hawa biyu na ƙasa take aunawa. Na sama ba a ganinsu sai malami ya ja kujera ya zauna a kusurwar ofis, ya yi shiru, ya kalli yadda ƙaramin likita ke magana da majinyaci.

Ƙwarewa a magani daban, iya koyar da shi daban, kuma ba kasafai ake koya wa likita na biyun a jami'a ba. Galibi yadda aka yi masa haka yake yi wa na baya, in da tsawa aka koyar da shi, da tsawa zai koyar. Illar tsawa kuwa ita ce ɗalibi yakan koyi ɓoye abin da bai sani ba, wannan kuwa a aikin likita mummunar ɗabi'a ce. Don haka kwalejojin nan biyu suke shirya wa manyan likitoci kwasa-kwasan horar da masu horarwa, kuma sukan ziyarci asibiti su duba malamansa da kayan aikinsa kafin su amince ya ba da horo. Cikin dabarun da suka shahara a duniya akwai wadda Jon Neher da wasu likitocin iyali na Amurka suka bayyana cikin 1992, domin malamin da layi ya yi wa yawa. Ƙaramin likita ya kawo bayanin majinyaci, maimakon malam ya faɗi amsa sai ya tambaye shi, "Kai me kake gani ke damunsa?" In ya faɗa, a ce, "Me ya sa ka ce haka?" Daga nan malam ya ba shi ƙa'ida guda wadda za ta yi masa amfani a wani majinyacin, ya ambaci abin da ya yi daidai, ya gyara inda ya kauce. Duka bai wuce 'yan mintoci ba, amma malam ya leƙa cikin tunanin ɗalibinsa.

Akwai kuma darasin da babu shi a littattafan Turai, sai a bakin malamin da ya daɗe a wurin. Da Turanci ake karatun likita, da Hausa ake ciwo. In mutum ya ce yana da shawara, mai yiwuwa idonsa ne ya yi ɗorawa saboda ciwon hanta, mai yiwuwa kuma kasala ce da ɗacin baki. Basir a bakin jama'a ya haɗa kumburin dubura da taurin bayan gida da ciwon baya da raunin mazakuta, ƙarƙashin wannan suna kuwa ciwon daji na hanji yana iya fakewa wata da watanni. Sanyi ma haka, daga ciwon gaɓɓai har cutar da ake ɗauka ta saduwa. Ƙaramin likita, ko da Bahaushe ne, sai an nuna masa kada ya fassara kalmar ya rubuta magani, ya ce, "Baba, yaya yake yi maka?" Sai an nuna masa yadda zai tambayi abin da aka riga aka sha daga kemis ko daga mai maganin gargajiya ba tare da ya kunyata kowa ba, da yadda zai sami ganawa da matar aure ita kaɗai in surukarta ce ke amsa tambayoyi a madadinta, da abin da zai faɗa wa mai ciwon suga in watan azumi ya gabato.

Duk wannan a Gyadi-Gyadi mai yiwuwa ne, domin malamai suna kusa. Wahalar tana ga likitan da ke asibitin gwamnati a Rano ko Gaya ko Dambatta, ko mai ƙaramin asibitin kansa a wani lungu na Tarauni, wanda bai shiga dogon horon ba, ba kuma zai shiga ba. Kwalejin Ƙasa ta tanadi difloma a likitancin iyali domin irinsa, intanet kuma ta sa ana iya halartar darasi daga nesa. Amma in shi kaɗai ne a asibiti, tafiyarsa kwas na mako guda tana nufin rufe ƙofa, sai fa in ma'aikatar lafiya ta tsara wanda zai riƙe masa, ta kuma sa kuɗin a kasafi tun farkon shekara. Wannan aikin jami'an mulki ne. Haka nan duk babban likitan da ya tafi Ingila ko Saudiyya, ba majinyatansa kaɗai suka yi rashi ba, har da ƙananan likitocin da za su yi shekaru suna koyo a hannunsa.

Akwai wata hanya da ba ta bukatar ko kwabo. Likitan karkara yakan turo majinyaci asibitin koyarwa da 'yar wasiƙa, sau da yawa kuma iyakar abin da zai sani ke nan. Da babban likitan da ya karɓa zai mayar da amsa ta layi biyar, ya ce ga abin da aka samu, ga alamar da ta nuna shi, ga maganin da za a ci gaba da bayarwa, ga lokacin da ya kamata a sake turo shi, da likitan ya sami darasi a kan mutumin da ya gani da idonsa, ya taɓa da hannunsa. Majinyacin da kansa zai iya kai takardar in zai koma gida.