Sarin Gidaje a Amurka: Yadda Ake Farawa da Matsayin Tsofaffin Gidajen Tafi-da-gidanka

Gabatarwa

A cikin harkokin filaye da gidaje na ƙasar Amurka akwai wata sana'a da ake yi wa laƙabi da sarin gidaje. Sunan yana iya ruɗar da mai karatu, domin a al'adar kasuwa ɗan sari yakan sayi kaya da yawa ya ajiye, sannan ya sayar wa 'yan kiri. A nan kuwa ba a ajiye komai. Wannan maƙala za ta yi bayanin abin da mai wannan sana'a yake sayarwa, da matakan da sabon shiga yake bi, sannan ta tsaya a kan tsofaffin gidajen tafi-da-gidanka, inda wasu masu ƙaramin jari suke gwada sa'arsu.

Abin da ake sayarwa

Ɗan sarin gida yakan nemo mai gidan da yake cikin matsi: wanda banki ke shirin ƙwace gidansa saboda bashin jingina, ko magadan da suka gaji kango a garin da ba sa zaune, ko wanda harajin gida ya taru a kansa. Sai su ƙulla yarjejeniyar ciniki a kan farashin da bai kai na kasuwa ba, ya ba da ɗan kafin alƙalami, a yanke wa'adin biya, galibi 'yan makonni. Kafin wa'adin ya cika sai ya samo mai kuɗi a hannu, wanda sana'arsa gyara gidaje ce ya sayar ko ya ba da haya, ya miƙa masa yarjejeniyar a kan wani lada. Ke nan abin da ya sayar shi ne haƙƙinsa na sayen gidan, gidan kansa bai taɓa shiga hannunsa ba.

A nan ne ya bambanta da dillalin da muka sani. Dillali wakili ne, la'adarsa sananniya ce ga mai kaya da mai saye. Shi kuwa ɗan sari mai saye ne a takarda, kuma ribarsa tana ƙaruwa ne gwargwadon yadda ya karya farashi a wurin mai gida.

Masu sana'ar suna da wani ma'auni da suke kira dokar kashi 70. A ɗauka, alal misali, gida zai yi darajar dala 200,000 bayan an gyara shi. Kashi 70 cikin ɗari na wannan shi ne 140,000. Idan gyara zai ci 40,000, mai kuɗi ba zai biya fiye da 100,000 ba. Ɗan sarin da ke son ladan 10,000 dole ya sami gidan a 90,000. Lissafin mai sauƙi ne a takarda. Inda sababbin shiga suke faɗuwa shi ne wajen ƙiyasta kuɗin gyara, domin rufin da ke yoyo da harsashin da ya tsage ba sa bayyana a hoto.

Saboda haka ne gogaggu suke fara tara sunayen masu saye kafin su nemi gida ko ɗaya. Wanda ya sa hannu a yarjejeniya ba tare da mai karɓa ba, ko dai ya yi asarar kafin alƙalaminsa, ko ya janye ya bar mai gida da matsalarsa bayan lokaci ya ƙure masa.

Doka

Kowace jiha da nata tsarin. A shekarar 2019 jihar Ilinoi ta gyara dokarta, ta wajabta lasisin dillancin gidaje a kan duk wanda ya yi irin wannan ciniki fiye da sau ɗaya a cikin wata 12. Jihar Oklahoma ta biyo baya a 2021 da dokar da ta hana tallata irin wannan yarjejeniya ga jama'a ba tare da lasisi ba. Dalilin waɗannan dokoki ba ɓoyayye ba ne: an sha samun tsofaffi da marasa lafiya da suka sa hannu a takardar da ba su fahimta ba, suka rabu da gidan da shi kaɗai suka mallaka a kan kuɗin da bai taka kara ya karya ba. A ganin mai wannan rubutu, sana'ar da ribarta ta dogara a kan rashin sanin ɗaya ɓangaren ta cancanci a sa mata ido sosai.

Gidajen tafi-da-gidanka

Waɗannan gidaje ne da ake ƙerawa a masana'anta a kan shasin ƙarfe, a ja su da mota zuwa inda za a girke su. Miliyoyin Amurkawa suna zaune a cikinsu, musamman a jihohin kudu irin su Tekzas da Fulorida. Arharsu ce take jawo sabon ɗan sari, domin tsohon da ya lalace ana iya samunsa a kan 'yan dubban daloli.

Sai dai abu na farko da ya kamata a tambaya shi ne: filin da gidan yake kai na wane ne? Idan na mai gidan ne, kuma an haɗa rajistar gida da fili, cinikin yana tafiya kamar na kowane gida. Idan kuwa gidan yana cikin unguwar da wani ya mallaka yana karɓar hayar fili wata-wata, to a yawancin jihohi doka tana kallonsa a matsayin kadara mai motsi, takardar mallakarsa kuma ta fi kama da ta mota. A wasu jihohin ma ofishin rajistar motoci ne yake bayar da ita. Wannan yana nufin lasisin da ake buƙata zai iya zama na dilan irin waɗannan gidaje, ba na dillancin filaye ba. Sau da yawa kuma takardar ta ɓace, ko tana ɗauke da sunan mamaci, ko akwai bashin da ba a goge a kanta ba, kuma babu mai saye da zai karɓi gida a haka.

Abu na biyu shi ne shekarar ƙira. Daga ranar 15 ga Yuni, 1976 ƙa'idojin Ma'aikatar Gidaje ta Tarayya suka fara aiki, kuma kowane gida da aka ƙera bayan nan yana ɗauke da jan tambarin ƙarfe a jikinsa. Wanda ya girmi wannan rana ba ya samun lamunin gwamnatin tarayya, inshorarsa tana wuya, kuma unguwanni da dama ba sa karɓarsa.

Na uku, kuma wanda aka fi mantawa da shi, shi ne manajan unguwa. Shi ne yake amincewa da sabon mazauni ko ya ƙi, kuma shi ya san adadin hayar filin da ake bin tsohon mai gida, bashin da yakan bi gidan zuwa hannun mai saye. Idan ya ce a ɗauke gidan, to an shiga uku, domin duk da sunansa, ɗaga shi yana cin dubban daloli, wani lokaci fiye da darajarsa, kuma tsohon gida yana iya wargajewa a hanya. Don haka ɗan sarin da ya san abin da yake yi yakan shiga ofishin manaja ya tambayi bashi da sharuɗɗan zama tun kafin ya taka ƙasan ɗakin ya ji ko katakon ya ruɓe.