INA 'YAN AJINMU SUKA SHIGE?

'Yan'uwana mata ma'abota karanta wannan mujalla tamu mai farin jini, musamman ƙannena 'yan makaranta, na san wasunku a tsakiyar littafin lissafi kuka ɓoye wannan shafi kuna karantawa. Yau dai sai ku yi haƙuri, ba labarin soyayya na zo muku da shi ba. Tambaya ce ɗauke da ni, kuma ina so kowacce ta ajiye abin da take yi ta ƙirga da yatsunta. A cikin 'yan ajinku na sakandare, mutum nawa ne yau in aka ce ki raka baƙo ƙofar gidan da suke za ki kai shi ba tare da tambaya ba? Ke da kika yi kandi shekara biyar ko goma da suka wuce, wallahi da ƙyar ki cika yatsun hannu biyu.

Su maza ba ruwansu da wannan matsala. Ki dubi tsofaffin ɗaliban Kwalejin Barewa ta Zariya, wadda aka fara kafawa a Katsina tun 1921. Ita ta yaye Sardauna da Tafawa Ɓalewa da Janar Gowon da Murtala da Shagari da Umaru 'Yar'aduwa, a 2021 ta cika shekara 100, amma har yau tsofaffin ɗalibanta suna riƙe da junansu tamau. Dalilin kuwa ba ɓoyayye ba ne. Namiji sunan da aka rubuta masa a rajistar aji shi ne sunansa har ya tsufa, kuma unguwar ubansa ita ce unguwarsa. Ke kuwa 'yar'uwa, daga ranar da aka lulluɓe ki aka sa a mota, kin tashi daga wance 'yar wane kin koma amaryar gidan wane, in an kwana biyu ki koma Maman wane. Wanda ya zo nemanki da sunanki na makaranta, ko maƙwabciyarki ta jikin katanga sai ta ce ba ta san mai wannan suna ba.

Ba wai mata ba su da irin waɗannan ƙungiyoyi ba ne, akwai 'yan Dala, akwai 'yan Kwin Amina ta Kaduna da sauransu, Allah Ya ƙara musu haɗin kai. Tamu makarantar ba ta cikin waɗannan manyan. Ta kwana ce can bayan gari, sai mota ta saki kwalta ta ratsa gonakin dawa sannan ki hango katangarta. Na shiga a 2011, na fito a 2017.

Allah Sarki makaranta! Wani tsohon ƙarfen tayar mota ne rataye a bishiyar darbejiya, shi ne ƙararrawarmu, in aka kwaɗa shi da asuba cikin hunturu har cikin haƙoranki za ki ji. Ki fito da bokiti ki tarar da layin tuƙa-tuƙa ya kai bakin masallaci, in layi ya zo kanki kuma wata siniya ta turo nata bokitin da ƙafa, ko kallonki ba za ta yi ba. Ga gabza da miyar kuka, miyar da in kin leƙa sai ki hango fuskarki a ciki saboda tsabar ruwa. Ranar garau-garau kuwa tamkar ranar sallah, har masu ciwon ƙarya sai sun warke sun zo dainin. Da daddare bayan firef sai a baje faranti a tsakar ɗaki, wannan ta kawo garin kwaki, waccan ƙuli-ƙuli, wata yaji, wata ɗan man gyaɗa a kwalbar magani, a kwaɗa, hannu takwas a kwano guda. Na ci abinci a manyan wuraren biki daga baya, amma ban ƙara cin abin da ya kai wannan kwaɗon daɗi ba.

In an kashe fitila sai tocila ta fito a ƙarƙashin bargo. A nan na fara karanta Wa Zai Auri Jahila? na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, wanda bangonsa ya daɗe da yagewa saboda yawan hannu, da Allura Cikin Ruwa na Anti Bilkisu Funtuwa. A lokacin ba mu san ita kanta Hajiya Balaraba tana ƙarama aka cire ta daga makaranta aka yi mata aure ba, mu dai labari muke sha.

Abin da ban lura da shi ba sai da na girma shi ne irin rufin asirin da yunifom ya yi mana. 'Yar kwamishina da 'yar mai sayar da itace, riga ɗaya, wando ɗaya, farin hijabi ɗaya, in an tashi nome ciyawa fartanya ɗaya. Ranar bizitin kaɗai ake gane bambanci, ita ma kafin magariba kulolin sun zagaya ɗakuna an cinye tare.

A bencinmu mu uku ne, kuma ta tsakiyar ita ce dalilin wannan rubutu. Shekara biyar muna tare ban taɓa ganin an zo mata bizitin ba, domin garinsu da nisa, kuɗin mota kuma ba ya samuwa. Amma fa kanta ja ne! Malamin lissafi in ya rubuta tambaya a allo, kafin ya juyo ta gama, har yakan miƙa mata allin ya koma ya zauna. Rabin ajinmu a wurinta muka fahimci aljabara. Da muka dawo hutun ƙarshen aji biyar a 2016 sai muka tarar da gadonta wayam, babu katifa babu akwati. Metiron ce ta gaya mana wai an ɗaura mata aure a cikin hutu. Muka yi kuka na kwana biyu, daga nan jarrabawa ta taso mu a gaba, aka shiga wani zancen.

Ranar kandi kowacce ta zo da sabon littafi ana zagayawa da shi, ki rubuta sunanki da lambar waya da 'yar addu'a. To waya haramun ce a makaranta, saboda haka lambar Baba ko ta Yaya kowa ta rubuta. Nawa littafin yana nan a ƙasan akwatina. Da na ɗauko shi bara na bi lambobin nan ɗaya bayan ɗaya, wasu a kashe, wasu an rufe su tun lokacin da aka matsa a haɗa layi da lambar katin ɗan ƙasa, aka hana kira a 2022 aka kuma datse sauran a 2024. Wata lambar da na kira wani mutum ne ya ɗauka yana yi mini Yarabanci, ashe kamfani ya sayar masa da layin. Wata kuwa Yayan ne ya ɗauka, ya ce, "Ai tana ɗakin mijinta," ya kashe wayarsa, kamar na ce zan sato ta.

Don haka ƙannena da za ku yi kandi bana, ga shawara kyauta. Ku bar ta lambar waya kawai. Ki rubuta sunan mahaifinki da sana'arsa, da sunan unguwa, da gidan kakanninki, da masallacin da ke kusa da ku. Layi yana mutuwa, amma gidan gado yana nan inda yake.

Duk da haka an samu waɗanda aka samu, aka buɗe zaure a WhatsApp, aka sa ranar haɗuwa. Kafin ki ce kwabo an fitar da anko, leshi mai tsada da mayafinsa, ga kuɗin ɗakin taro, ga na abinci, ga na mai hoto. Mu hamsin da 'yan kai ne a aji, waɗanda suka zo ba su kai ashirin ba. An yi ihu, an rungumi juna, an tuna sunayen tsokana, na ji daɗi ba zan ɓoye ba. Amma ana cikin haka sai na ga ido ya fara sauka a kan hannu da wuya, ana auna zobe da sarƙa, ana tambayar "Ke ina maigidan yake aiki?" Wadda aurenta ya mutu ta koma gefe tana danna waya. Da na tambayi labarin 'yar bencinmu, sai wata ta taɓe baki ta ce, "Wa ya sani, tana can ƙauyensu." Shi ke nan aka wuce zancen turaren wuta.

Ni da ɗaya 'yar bencin muka ce ba mu yarda ba. Sunan garinsu kaɗai muka riƙe, da cewa mahaifinta mahauci ne. Muka je tasha muka sami direbobin layin, wani dattijo a cikinsu ya ce ya san Sarkin Fawan garin. Ranar kasuwarsu muka bi shi. Daga rumfar mahauta aka haɗa mu da yaro ya kai mu gidan mahaifiyarta, muka durƙusa muka gaida Inna, ta yi ta sa mana albarka, sannan ta sa a raka mu wani ƙauyen na gaba a kan babur.

Muna sallama ta ɗago daga bakin murhu, tana tuyar awara, da goyo a bayanta. Ta yi tsai tana kallonmu, sai ta saki matsamin ta kira ni da sunan da rabona da jin sa tun 2016. Abin da ya biyo baya ba sai na faɗa ba, ke ma mace ce.

'Ya'yanta uku. Mijinta manomi ne, mutumin kirki, waya ɗaya gare su ƙarama, tana aljihunsa. Ita ce mai riƙe da lissafin adashin matan ƙauyen gaba ɗaya, ba ta taɓa ɓatar da ko sisi ba, kuma da yamma yaran maƙwabta suna taruwa a tsakar gidanta tana koya musu jadawalin sau. Muka ce mata an yi taro, mun neme ta ba mu samu ba. Sai ta yi dariya ta ce, "Ai na ji labari, wata 'yar garinmu da ke aure a birni ta gaya mini, har hoton ankon ta nuna mini. Kuɗinsa fa ya kai na takin da Malam ya nema bana bai samu ba. In zo da atamfata ta sallar bara in tsaya a cikinku in ce ni wa?" Tana dariya take faɗa, mu kuwa muka rasa inda za mu sa idanunmu.

Kafin mu taso ta shiga ɗaka ta ɗauko littafinta na lissafi na aji biyar, a naɗe cikin leda saboda gara. Ta ce ita abu ɗaya ya tsaya mata a rai, ta zauna jarrabawar nan ko sau ɗaya ne ta ga abin da za ta ci. Da maigidan ya dawo daga gona muka gaishe shi, muka ce, "Malam, alfarma muka zo nema." Ya saurare mu har muka gama, ya ce shi bai hana ba, amma kuɗin fa, kuma wa zai riƙe yara? Inna ta ce yara nata ne. Saura kuɗi.

Ga waɗanda ba su sani ba, ƙofar nan a buɗe take. Hukumar WAEC da ta NECO duk suna shirya jarrabawar 'yan waje, ta waɗanda ba sa makaranta, kuma aure ko yawan shekaru ba sa hana ki zama jarrabawar. A Kano ma akwai Hukumar Ilimin Manya tun 1980, zamanin Gwamna Abubakar Rimi, tana da cibiyoyin mata inda matan aure ke komawa aji.

Da muka kawo maganar a zaure an sha muhawara. Wata ta ce ita taron nishaɗi ta shigo ba na jaje ba, ta fice. Allah Ya raka taki gona. Sauran suka amince cewa haɗuwa ta gaba babu anko, kowa ta zo da farin hijabi irin na makaranta, a tsakar gidan ɗaya daga cikinmu, kuɗin leshin kuma a tara a biya rajista. An biya. Yanzu haka tana can tana bitar darasi da fitilar caji bayan yara sun yi barci, wata 'yar ajinmu da ke koyarwa tana aika mata tsofaffin tambayoyi ta hannun direban nan. Turanci ne yake ba ta tsoro. Ku taya mu da addu'a.

Neman malamai ya fi wannan wuya. Bayan sace ɗalibai 279 a Jangebe ta Jihar Zamfara a watan Fabrairun 2021, an rufe makarantun kwana da dama da ke bayan gari, har da nan Kano, malamai suka watsu. Ni wadda nake nema ita ce Malamar Hausa, wadda ta taɓa kama littafin da nake rubuta labari a ciki lokacin firef. Na sadaƙar za a kai ni gaban firinsifal. Bayan kwana uku ta dawo mini da shi, ta bi kowane shafi da jan biro tana sa wa ƙa da ɗa da ɓa lanƙwasarsu, a ƙarshe ta rubuta tambaya ɗaya, wai me ya sami yarinyar bayan nan? Don in ba ta amsa na ƙarasa labarin, shi ne littafina na farko.

A wani lungu cikin birni muka same ta, a gidan ɗanta. Ta fara koyarwa a 1984 a ƙasar Haɗeja, tun Jigawa tana cikin Kano kafin a raba a 1991, ta yi ritaya a 2019 da ta cika shekara 35. Dokar da ta ƙara wa malamai wa'adi zuwa shekara 40 ta aiki ko 65 ta haihuwa sai a 2022 aka sa mata hannu, ba ta riske ta ba. Yana ta rufe mata ido ɗaya, ɗayan ma dishi-dishi. Muka zube a gabanta muka ce, "Malama, ina wuni." Ta ce, "Ku ƙara magana in ji." Muka ƙara. Sai ta nuna wajen da nake ta ce, "Ke ce mai labari, layi na biyu jikin taga. To ina ta tsakiyarku?"

Muka ba ta labari tun daga tasha har zuwa rajista. Ta daɗe ba ta ce komai ba, tana goge ido da gefen mayafi. Na miƙa mata littattafaina guda biyu, ta shafa bangon ta ce jikarta za ta karanta mata, kuma in ta ji kuskure za ta aiko a kira ni. Sannan ta fara jero sunayen 'yan ajinmu bi da bi kamar mai kiran rajista, tana tambayar kowacce. Mutum goma sha ɗaya muka kasa ba ta amsarsu. Ta ce, "'Yan nan, kada ku dawo mini da turmin atamfa, ina da su. Ku dawo mini da labarin yaran nan."

Saboda haka 'yar'uwa mai karatu, in akwai wata a gidanku ko maƙwabtanku, matar Yaya ce ko kishiya ko 'yar haya, wadda ta yi kandi a 2017 a makarantar kwana mai ƙararrawar ƙarfen taya a jikin darbejiya, don Allah ki karanta mata wannan shafi. Ta aiko da wasiƙa ta hannun Edita da sunanta na rajista, da kwatancen inda take. Haɗuwarmu ta gaba bayan ƙaramar sallah ce, kuma an riga an yi magana da mai adaidaita-sahun da zai ɗauko Malama.