Kaka a Kan Kogin Kwara: Yawon da Ba Mu Fara Ba

Idan sanyi ya fara kunno kai a Turai, wajen Oktoba da Nuwamba, masu hali a Ingila da Jamus sukan biya kuɗi su shiga jirgin ruwa na shaƙatawa, su bi rana zuwa kudu. A cikin jirgin ake kwana, a ci, a sha. Gari na wayewa sai a ga an tsaya a Basalona ko a gaɓar Italiya, a sauka a zaga kasuwa, kafin magariba a dawo a ɗaga. Wasu jiragen gari ne guda: Icon of the Seas, wanda ya fara aiki a Janairun 2024, yana iya ɗaukar fasinja 7,600.

Mutumin Matsinkai zai ce ina ruwansa da teku. Gaskiyarsa, don kafin ya ga teku ko a Kwatano sai ya ratsa ƙasar Binin tun daga arewa har kudu. Sai dai ƙaramar hukumarsa, Bagudo ta Jihar Kebbi, na da abin da garuruwa da dama ke kwaɗayi. A nan, wajen Lolo, Kogin Kwara ya shigo Najeriya bayan ya baro Gaya da Malanbil, ya nufi Yawuri da tafkin Kainji.

Kuma kogin nan sau biyu yake cika a shekara. Cikar farko ta daminarmu ce, daga Agusta zuwa Oktoba: ruwa mai laka, fari-fari, mai ƙarfi, shi ne ke cinye gonakin shinkafa a fadama. Ta biyu daga nesa take. Ruwan da ya sauka a tsaunukan Gini sai ya bazu a makeken fadamun tsakiyar Mali, ya yi watanni yana jan jiki, lakarsa ta kwanta, sannan ya iso mana cikin hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, garau da shi har ya yi duhu. Shi ake ce wa baƙin ruwa. Ke nan daga kaka zuwa ƙarshen sanyi kogi na da zurfin da jirgi zai bi, ga hadari ya janye, an girbe amfanin gona, aljihu da ɗan nauyi. Lokacin da Bature ke neman ɗumi, lokacin ne koginmu ya fi daɗin bi.

Maƙwabta sun gane haka tuni. A Mali, jiragen kamfanin COMANAV sun daɗe suna tashi daga Kulikoro zuwa Tumbutu da Gao idan ruwa ya cika, kafin rashin tsaro ya dagula hanyar. A Sanigal akwai tsohon jirgi, Bou el Mogdad, da ke kai baƙi daga Sanluwi zuwa Fodor. Mu ma ba mu rasa abin nunawa ba: ga kasuwannin bakin ruwa, ga Sarkawa da sana'arsu ta su, ga bikin Rigata na Yawuri, ga tsohuwar Busa inda Mungo Park ya halaka a 1806, wadda ruwa ya shanye bayan an gama madatsar Kainji a 1968.

Abin da ke damuna shi ne halin da jiragenmu ke ciki. A watan Mayun 2021, wani jirgin katako da ya ɗauko 'yan kasuwa daga Jihar Neja ya rabe biyu kusa da Wara, a Ƙaramar Hukumar Ngaski, fiye da mutum 100 suka salwanta. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Ana lodin mutane da buhuna da babura fiye da kima, katako ya ruɓe ba a sauya shi ba, ana tafiyar dare ba fitila, ga kututturen itatuwan da tafki ya rufe suna jira a ƙarƙashi. Rigar kariya kuwa, ko an raba ta, da yawa ba sa sawa.

Idan ɗan gari bai tsira da ransa ba a hanyar cin kasuwa, ta yaya za a gayyaci baƙo ya zo yawo a ruwan? Hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa, wadda ke da hedikwata a Lakwaja, ita da gwamnatin Kebbi da sarakunan ruwa, su fara da mashigin da talaka ke bi kullum: a ƙidaya fasinja kafin a kunna inji, a cire kututture, a sa alama a hanya tun daga Lolo har Yawuri.