Abin da Ke Jikin Kwalin Tsohon Kaset

Daga shekarun 1990 zuwa farkon 2000, yawancin kaset ɗin gem ko na fim da ya shiga Tudun Wada ko Doguwa daga birnin Kano ya taso, ya biyo titin Zariya, ya karya ta Kwanar Ɗangora. Mai saye kuwa, ko ɗan tireda ne da ya saro kaya a Sabon Gari, ko yaron da ya tara kuɗin ƙwadago a gonar shinkafa, ba kasafai yake samun damar gwada abin da ke ciki kafin ya biya ba. Hoton jikin kwali shi ne dillali. To waɗannan kwalaye da aka gama da su aka watsar, su ne yau suke dawowa. Wani ya tsinci ɗaya a tsohuwar adaka, ya ɗauke shi a hoto, ya saka a Facebook ko zauren WhatsApp na tsofaffin ɗalibai, sai ka ga magidanta masu furfura a gemu suna musu a kan abin da suka hango a gefen zanen.

Dalili na farko na wannan dawowa a fili yake: yaran wancan lokaci sun girma, kuma kowa na son a tuna masa ƙuruciyarsa. Sai dai kewa kaɗai ba ta sa mutum ya ga abin da bai gani ba a da. Wayar hannu ce ta kawo wannan. Zanen da a da ake kallo a hasken aci-balbal, a hannun yara biyar suna wawaso, yanzu mutum ɗaya ne ke buɗa shi da yatsu biyu har sai ƙaramin rubutun ƙasa ya fito ɓaro-ɓaro. Ga kuma intanet, inda za a ɗora hoton kwalin kusa da na asali a kwatanta.

Abin da kwatancen ya fara tonawa shi ne yawan ƙaryar da aka sha. Kamfanin Nintendo ya fitar da na'urar Famicom a Japan a 1983, amma wadda ta iso garuruwanmu galibi kwaikwayonta ce daga Sin da Taiwan, tare da kaset mai launin ɗorawa da ke alƙawarin wasanni dubbai ko miliyoyi. A ciki kuwa 'yan ƙalilan ne ake ta maimaitawa da sauya suna: Mario, harbin agwagi, tankar yaƙi, Contra. Takardar da aka manna a jiki sau da yawa ba ta da wata alaƙa da su. Su ma masu kayan asali ba su tsira ba. Zanen kwalin Contra, wanda ɗan Birtaniya Bob Wakelin ya yi, jarumansa sun ɗauko tsayuwa da ƙirar Arnold Schwarzenegger, wanda yara a nan suka fi sani da Kwamando. Kwalin Mega Man na Amurka na 1987 ya nuna wani ƙato riƙe da ƙaramar bindiga, alhali a cikin wasan ɗan yaro ne, kuma hannunsa ne bindigar. Na'urar lokacin launuka kaɗan take iya nunawa, mutum kuma tarin 'yan murabba'ai ne a fuskar talabijin, don haka mai zane ne ke cike giɓin da abin da ya ga zai sayu.

A ganina, inda zancen ya fi nauyi shi ne kayanmu na gida, domin dubawar ba ta tsaya a kan gem ba, ta tsallaka kan kwalin fim ɗin Hausa da bangon littafi. Tun daga fim ɗin Turmin Danya na 1990 har zuwa zamanin Sangaya da Wasila, kwali da fosta su ne tallar fim. Idan ka juya bayan kwalin, za ka tarar da sunan kamfani, da shagunan da ake samun kaset a Bata ko Ƙofar Wambai, wani lokaci da lambar tarho mai farawa da 064, lambar Kano ta wayar girke kafin zuwan wayar salula a 2001. Wannan 'yar lamba kaɗai tana taimaka wa mai bincike ya kintaci shekarun fim ɗin da ba a rubuta masa kwanan wata ba. Haka ɗaurin ɗankwali da yankan riga, da yadda jarumi da jaruma suka tsaya kusa ko nesa da juna. Gwamnatin Kano ta kafa Hukumar Tace Finafinai a 2001, bayan ƙaddamar da shari'a a 2000, kuma wanda ya jera kwalayen kafin nan da na bayan nan zai iya bin sawun abin da ya sauya da idonsa. Littattafan soyayya ma haka ne. Na farko-farko, zamanin Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino, zanen hannu ya fi yawa a bangonsu. Daga baya kwamfuta ta shigo, aka koma haɗa hotuna, har da fuskokin matan ƙetare waɗanda ba su san an yi ba.

Babu wanda ya ɓoye waɗannan abubuwa. Ba a dai kula da su ba ne, saboda a lokacin kowa ya san su.

Akwai kuma inda wannan ɗabi'a take ɓata. Wanda ya saba neman ɓoyayyen abu ba ya rasa gani. Sai a zagaye wata alwatika ko ido a kusurwar zane da jan layi, a ce ga alamar ƙungiyar asiri da aka dasa don lalata 'ya'yan Musulmi, a tura zaure goma kafin la'asar. Mafi yawan lokaci abin da aka zagaye tambarin kamfani ne, ko tawadar da ta zarce a injin ɗab'i mai araha. Sai kuma kwaɗayi. A 2021 an yi gwanjon wani kaset na Super Mario 64 a Amurka a kan sama da dala miliyan ɗaya da rabi, labarin ya zaga duniya. Amma wancan na asali ne, ba a taɓa ɓare ledarsa ba. Kwaikwayon da ya sha ƙurar Ƙiru shekara talatin ba shi da wannan kasuwa, kuma gara a faɗa wa mai shi gaskiya tun bai fara lissafin kuɗin fili ba.

Abin da ya ƙara wa tsohon kwali daraja shi ne babu magajinsa. Yau saurayi a Bebeji ko Tiga shagon masu tura fim yake zuwa a zuba masa a waya, ko ya kalla a YouTube. Littafi ya koma WhatsApp, gem kuma saukewa ake yi. Ɗan hoton da ke kan fim a intanet mai shi na iya sauya shi gobe, ko ya goge. Kwali kuwa yadda aka buga shi haka yake, in dai gara da ɗigar damina sun bar shi, in kuma 'yan jari-bola ba su riga mu ba.

A nan garuruwan kudancin Kano suke da abin da birni ya yi asara. A birni shago na sauya sana'a a share komai. A ƙauye tsohon mai gidan kallo kan cusa kayansa a buhu ya jingine a ɗaki shekara da shekaru. Ya kamata masu nazarin Hausa a Jami'ar Bayero da masu kula da Gidan Makama su aika a nemo irin waɗannan buhuna daga Ƙiru har Riruwai. Kai kuma mai karatu, idan ka tsinci ɗaya, ka ɗauki hoton gaba da baya, ka tabbata ƙananan rubutun sun fito, sannan ka adana kwalin inda ruwa ba zai taɓa shi ba.