Da Me Ake Auna Jinyar Wanda Ba Zai Tashi Ba?

Asibiti ya saba auna kansa da waɗanda suka warke. A ƙarshen shekara a ƙirga waɗanda aka kwantar, da waɗanda aka sallama, da waɗanda aka rasa, kuma duk raguwar da aka samu a yawan mamata nasara ce. Wannan lissafi yana aiki a ɗakin haihuwa da ɗakin tiyata. Amma akwai jinyar da bai dace da ita ba ko kaɗan, wato kulawa da mutumin da ciwonsa ya fi ƙarfin magani: mai sankarar da ta bazu, ko wanda ƙodarsa ta daina aiki, ko tsohon da zuciyarsa ta gaza. A nan wanda aka yi wa jinya mai kyau zai rasu, wanda aka yi watsi da shi ma zai rasu. To da me za a bambance su? Tun wajen ƙarshen shekarun 1990 masana lafiya ke neman amsar wannan tambaya, kuma ma'aunan da suka fito da su sun fara sauya yadda ake jinyar mutane a ƙarshen rayuwarsu, wani wuri da alheri, wani wuri da akasinsa.

Wahalar ta samo asali ne daga yadda aka kafa fannin. Cicely Saunders, wadda ta buɗe gidan jinya na St Christopher's a Landan a 1967, ta koyar da cewa raɗaɗin mai cutar ajali ba a jiki kaɗai yake ba. Akwai zugin ciwo, akwai fargaba, akwai damuwar halin da iyali za su shiga, akwai kuma abin da ke tsakanin mutum da Mahaliccinsa. Zugin ciwo ana iya tambayar maras lafiya ya ba shi maki daga sifili zuwa goma. Sauran ukun ba su shiga lamba cikin sauƙi, alhali sau da yawa su ne ke hana shi barci.

Abin da ya tilasta a auna, ko da wuya, shi ne kuɗi da yawan mabuƙata. Amurka ta zartar da dokar biyan kuɗin irin wannan jinya ta shirin inshorar tsofaffi na Medicare tun 1982, kuma mai biyan kuɗi dole wata rana ya tambayi abin da yake saya. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 56.8 ne ke buƙatar kulawar sauƙaƙa raɗaɗi a kowace shekara, kuma kusan kashi 14 cikin 100 kaɗai ke samu. A 2010 wani bincike da Jennifer Temel ta jagoranta a Boston, kan masu sankarar huhu 151, ya nuna cewa waɗanda aka fara ba su wannan kulawa da wuri sun fi samun natsuwa, ciwon damuwa ya ragu a cikinsu, har ma sun ɗan fi daɗewa a raye, wata 11.6 maimakon 8.9. Wannan sakamako ya ba likitoci hujjar da ba su da ita a da, domin an daɗe ana ɗaukar fannin a matsayin sallamawa kawai. A 2014 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya zartar da ƙudurin da ya nemi ƙasashe su shigar da shi cikin tsarin lafiyarsu, a 2021 kuma hukumar ta fitar da ma'aunai 18 na bin diddigin ci gabansa.

Ma'aunin da ya fi yin suna shi ne jadawalin ƙasashe da cibiyar Economist Intelligence Unit ta haɗa da tallafin gidauniyar Lien ta Singafo. Na 2010 ya ƙunshi ƙasashe 40, na 2015 ya kai 80. Birtaniya ce ta zo ta ɗaya duk sau biyun. A na 2015 Najeriya ta zo ta 77, ƙasashe uku kaɗai ke bayanta, wato Filifins da Bangaladash da Iraki. Uganda kuwa ta zo ta 35, Mongoliya ta 28. Waɗannan biyun su ne ainihin amfanin jadawalin, domin sun karya uzurin da ake fakewa da shi cewa talauci ne kaɗai ke hana ƙasa kula da masu cutar ajali. Uganda ba ta fi Najeriya arziki ba. Abin da ta yi sananne ne: likita Anne Merriman, wadda ta taɓa aiki a Najeriya, ta kafa Hospice Africa Uganda a 1993, ta kawo dabarar haɗa garin mofin da ruwa ya zama maganin sha mai araha wanda za a iya ba maras lafiya a gidansa. A 2004 gwamnati ta sauya doka ta ba ma'aikatan jinya da suka sami horo izinin rubuta mofin, tunda likitoci ba su kai ƙauyuka.

Duk da haka jadawalin yana da rauni babba. Yawancin abin da ya ƙirga tanadi ne: shin akwai manufar gwamnati a rubuce, ma'aikata nawa ne, ana koyar da fannin a makarantun likitanci ko a'a. Ƙasa tana iya samun maki a duk waɗannan alhali mace mai sankarar mama tana kuka dare da rana a wani gari da ke nesa da babban birni. Masu bincike na Duke-NUS a Singafo sun yi ƙoƙarin gyara wannan a nazarinsu na 2021 kan ƙasashe 81, inda suka fara tambayar waɗanda suka yi jinyar 'yan uwansu abin da ya fi muhimmanci a wurinsu. Birtaniya ta sake zuwa ta ɗaya, Amurka kuma, duk da kuɗin da take kashewa, ta faɗo ta 43. Sai dai a nan ma ƙwararru ne suka ba kowace ƙasa maki, ba marasa lafiya ba.

Lambar da ta fi kowace tayar da hankali, a ganina, ita ce ta mofin. Saboda dokar ƙasa da ƙasa ta 1961 kan ƙwayoyi masu sa maye, kowace ƙasa tana kai rahoton abin da ta yi amfani da shi ga hukumar sa ido da ke Vienna, don haka alƙaluman suna da ƙarfi. Kwamitin mujallar Lancet ƙarƙashin Felicia Knaul ya yi amfani da su a 2017, ya nuna cewa cikin tan 298.5 na mofin da dangoginsa da ake rarrabawa a duniya a shekara, tan 0.1 kacal ke isa ƙasashe mafiya talauci. Abin da Najeriya ke samu a lokacin bai kai kashi 1 cikin 100 na buƙatarta ba. Wannan ba batun tsadar magani ba ne, mofin na sha yana cikin magunguna masu arha. Tsoro ne da tsaurin doka da rashin horo. Ƙasar da ta ga ɓarnar tiramadol da kodin a cikin matasanta, har ta haramta maganin tari mai kodin a 2018, ba abin mamaki ba ne jami'anta su riƙa ɗari-ɗari da duk wani magani mai ƙarfi. Amma wanda ke ɗaukar nauyin wannan tsoro shi ne dattijon da sankara ta ci ƙashinsa, ake ba shi farasitamol. Lambar mofin ita ma tana da iyaka: ta gaya maka inda babu, ba ta gaya maka inda aka yi daidai ba. Amurka na cikin waɗanda suka fi kowa shan waɗannan magunguna, kuma a can ne suka halaka dubban ɗaruruwan mutane. Har ta kai hukumomin can sun cire tambayoyin zugin ciwo daga lissafin kuɗin da ake biyan asibitoci, don gudun kada neman maki ya sa a riƙa rubuta magani fiye da kima.

Babban darasi kan haɗarin ma'auni daga Birtaniya ya fito, ƙasar da ke kan gaba a kowane jadawali. A ƙarshen shekarun 1990 an tsara wata hanya a Liverpool don kai kyakkyawar jinyar gidajen masu cutar ajali cikin manyan asibitoci: a daina gwaje-gwajen da ba su da amfani, a mai da hankali kan sauƙaƙa wa mutum sa'o'insa na ƙarshe. Niyyar mai kyau ce. Amma da ta bazu, sai aka fara auna asibitoci da yawan waɗanda aka ɗora a kanta, a wasu wurare ma aka haɗa da ladan kuɗi. Iyalai suka fara kokawa cewa an ɗora iyayensu ba tare da an sanar da su ba, an hana wasu ruwan sha, an yi wa wasu allurar barci ba bayani. Kwamitin da Julia Neuberger ta shugabanta ya gano a 2013 cewa a wurare da yawa tsarin ya koma cike takarda, ya ba da shawarar a soke shi, aka kuma soke. Abin da aka ƙirga shi ne shiga tsarin, kuma ma'aikatan da aiki ya yi wa yawa suka ba da abin da aka ƙirga.

Haka ma wurin rasuwa. Ingila ta daɗe tana ɗaukar ƙaruwar masu rasuwa a gida a matsayin alamar ci gaba, tunda yawancin mutane sun ce nan suka fi so. A ƙasar Hausa mutane da yawa a gida suke cikawa, amma ba don an tanadar musu jinya a can ba. Kuɗi ne ya ƙare, ko likita ya ce da iyali, "Ku koma gida, sai addu'a." Daga wannan rana maras lafiya ya fita daga kowane littafin asibiti. Amurka tana aika wa iyalan mamaci takardar tambayoyi bayan wasu watanni don jin yadda jinyar ta kasance, Ingila ma ta taɓa yin haka, kuma hanyar Ingila ta dogara ne da rajistar mutuwa. A Najeriya mafi yawan mace-mace ba a yi musu rajista, saboda haka wanda za a tambaya ma ba a san shi ba.

Ma'aunin da na fi amincewa da shi ƙarami ne. Ƙungiyar masu wannan fanni ta Afirka, APCA, mai hedikwata a Kampala, tare da masana na King's College London, ta tsara tambayoyi goma, bakwai ga maras lafiya, uku ga mai jinyarsa, kowace ana ba ta maki daga 0 zuwa 5, wanda bai iya karatu ba kuma yana iya nunawa da yatsun hannu. Ana tambayar zugin ciwo, da damuwa, da ko ya sami wanda zai faɗa wa abin da ke ransa, da ko yana cikin kwanciyar hankali, da ko an taimaki iyalinsa su shirya wa abin da ke tafe. Ana maimaita tambayoyin bayan 'yan kwanaki, don haka ma'aikacin jinya yana ganin ko abin da ya yi ya rage wani abu, tun mai ciwon yana da rai. Kuma amsoshin suna ɗaukar abin da Bahaushe ke nufi da kyakkyawan ƙarshe: mutum ya sami sauƙin da zai iya yin wasiyya, ya faɗi bashin da ke kansa, ya nemi gafarar waɗanda ya ɓata wa, ya yi kalmar shahada cikin hayyacinsa. Wanda zugi ya gigita ba ya iya ko ɗaya daga ciki.

Asibitin koyarwa na Ibadan ya daɗe da sashen wannan jinya, sakamakon ƙoƙarin Farfesa Olaitan Soyannwo da abokan aikinta, wasu manyan asibitoci kuma sun bi sahu. Abin da ya kamata hukumomin lafiya na jihohi su riƙa nema daga irin waɗannan sassa bai wuce ƙarfinsu ba: kwana nawa a shekara ake samun mofin na sha a ɗakin magani, mutum nawa cikin waɗanda aka sallama da cutar ajali wani ma'aikaci ya bi su gida ko ya kira su a waya, da kuma makin da su da masu jinyarsu suka bayar a mako na farko da na biyu. Kada kuma a rataya albashin kowa ko kasafin asibiti a kan waɗannan lambobi, domin hanyar da Liverpool ta bi ke nan.