In Kotu Ta Rushe Kamfani, Wa Ake Fara Biya?

'Yan Arewa da yawa da ke zaune a Agege, Idi-Araba, Sabon Badun da Shagamu suna cin abinci ne a jikin kamfanoni. Wani gadi yake yi, wani direba ne, wani kuwa shanu ko masara yake kai wa masana'anta bashi, a ce ya dawo ƙarshen wata. To, in aka wayi gari an garƙame ƙofar kamfanin da umurnin kotu, ina makomar kuɗinsu?

Dokar kamfanoni ta 2020, kafin a gyara ta a 2023, ta ce duk wanda yake bin kamfani fiye da Naira 200,000, in ya kai takardar neman biya ofishin kamfanin, aka yi mako uku ba a biya shi ba, ba a kuma daidaita da shi ba, to kamfanin ya kasa biyan bashi ke nan a idon shari'a. A tsohuwar dokar 1990 Naira 2,000 ce kawai. Daga nan mai bin bashi yana iya roƙon Babbar Kotun Tarayya ta rushe kamfanin. Kotun jiha ko ta majistare ba su da hurumi a nan.

Da zarar alƙali ya ba da umurni, daraktoci sun sauka. Sai a naɗa wani wakili, galibi akanta ko lauya, ya tattara gidaje, motoci da injuna ya sayar, ya kuma karɓo basussukan da kamfanin yake bin wasu. Daga ranar ba mai ikon kai kamfanin ƙara ko ɗauke masa kaya sai da iznin kotu.

Abin ya yi kama da rabon gado, inda ake fid da bashi kafin magada su taɓa kome. Sai dai masu bin bashin ma hawa-hawa ne. Bankin da ya riƙe takardun fili ko gini a matsayin jingina yakan ɗebi nasa daga abin da aka jinginar masa. Ana cire ladan wakili da na lauyoyi. Sannan harajin hukuma da albashin ma'aikata. Bafataken da ya kai kaya bisa amana yana can bayan layi, shi da ire-irensa su raba abin da ya saura gwargwadon bashin kowa, watau mai bin Naira ɗaya yana iya tashi da kwabo goma, ko ya tashi hannu wofi. Masu hannun jari su ne na ƙarshe.

Kamfanin tarho na NITEL ya isa misali. An kafa shi a 1985, kuma shekara da shekaru duk mai son tarho a ƙasar nan sai ya bi ta kansa. Da wayar hannu ta shigo a 2001, sai kasuwa ta guje shi. Aka sayar wa Transcorp a 2006, gwamnati ta karɓe abinta a 2009, bashi kuwa sai hauhawa yake yi. A 2014 Babbar Kotun Tarayya ta ba da umurnin rushe shi tare da reshensa M-Tel, aka sayar da kadarorin wa kamfanin NATCOM a kan kimanin dalar Amurka miliyan 252. Wannan ne ya koma ntel a 2016. Mai saye ya ɗauki kaya ne, bai ɗauki bashi ba. Masu bin NITEL sai suka koma jiran rabo daga kuɗin cinikin.

Ma'aikatan jirgin sama na Nigeria Airways, wanda ya daina tashi a 2003, sun fi kowa sanin tsawon irin wannan jira. Har 2018 gwamnati tana sakin kuɗin sallamarsu kashi-kashi, bayan da yawa daga cikinsu sun riga mu gidan gaskiya.

Inda mutanenmu suka fi cutuwa shi ne wajen shaida. Wakilin kotu yakan sa sanarwa a jaridun Turanci, ya ba da wa'adi kowa ya kawo hujjar bashinsa. Shi bai san "mun saba da manaja" ba. Rasit yake so, da takardar karɓar kaya mai sa hannu, da takardar ɗaukar aiki. Cinikin zango kuwa da baki ake ƙulla shi, dillali ne shaida. Mai gadin da ya yi shekara goma ba sunansa a littafin albashi, sai ya sha wuya kafin a yarda ma'aikaci ne. Ya kamata sarakunan Hausawa da shugabannin 'yan kasuwa su sa wani mai karatu ya riƙa duba irin waɗannan sanarwoyi, domin wanda ya makara ba a ɓata rabon da aka riga aka yi saboda shi.