Gaskiya ko Jita-jita: Me Hoton Motar da Aka Lulluɓe Yake Iya Tabbatarwa?

Duk lokacin da wani kamfanin Amurka ya kusa sauya fasalin ɗaya daga cikin motocinsa masu ji da ƙarfi, irin su Ford Mustang da Dodge Charger, hoto ne ke riga sanarwa fitowa. Sai a ga mota a bakin titi a jihar Michigan, an naɗe ta da leda mai zane-zanen baƙi da fari, an ɗaure mata baƙin ƙyalle a gaba da baya. Kafin gari ya waye masu sha'awar motoci sun gama yanke hukunci: ga irin injin da za ta zo da shi, ga kamannin fitilunta, ga watan da za ta shiga kasuwa.

Ba abin mamaki ba ne a damu da waɗannan motoci haka. Tun 1964, shekarar da Pontiac GTO da Mustang suka fito, Amurkawa suka ɗauki wannan jinsi a matsayin abin alfaharinsu: babban inji mai silinda takwas, tayoyin baya ke tura mota, kuma kuɗinta bai fi ƙarfin ma'aikaci ba. Duk wanda ya shaƙu da irin wannan mota yana fargabar ranar da za a taɓa mata inji. Wannan fargaba ce ke sa a ɗora wa hoto ɗaya nauyin da ba zai iya ɗauka ba. Bari mu bi maganganun da aka fi yi, mu auna su da abin da ya faru a zahiri.

"Abin da ke cikin hoton, shi ne motar da za ta fito"

Yawanci jita-jita ce, kuma nan ne aka fi yin kuskure. Gwajin sabuwar mota hawa-hawa ne. A matakin farko injiniyoyi ba su damu da kyan jiki ba, abin da suke son aunawa shi ne inji, da giya, da birki, da yadda ƙafafun motar ke riƙe hanya. Saboda haka sai su ɗauki sabon kayan ciki su rufa masa bodin tsohuwar mota, wani lokaci ma bodin wata mota dabam, a yanke nan, a ƙara can, har ya zauna. Wanda ya ɗauki hoton irin wannan mota ya ce ya ga sabon fasali, tsohon ƙarfe ya gani.

Misalin da ya fi fitowa fili shi ne na Chevrolet Corvette, 'yar'uwar waɗannan motoci daga gidan General Motors, ko da yake ita an fi lissafa ta cikin motocin tsere. Lokacin da kamfanin ya fara gwada mayar da injinta bayan direba, sai ya sa wa motar gwajin jikin da ya yi kama da ƙaramar a-kori-kura ta Holden, wadda ake ƙerawa a Ostareliya a wancan lokacin. Wanda ya kalli gabanta zai rantse motar ɗaukar kaya ce. Motar da aka ƙaddamar ranar 18 ga Yuli, 2019 ba ta da wata alaƙa da waccan fuska.

Ko a mataki na gaba, inda aka riga aka ƙera bodin gaskiya, akan cusa soso da roba a ƙarƙashin ledar don a kumbura inda yake a lotse, a shafe inda yake da kaifi. Fitilu kuwa sau da yawa na wucin gadi ne, an sa su ne kawai don doka ta yarda motar ta hau titi. Don haka duk wata muhawara a kan ko sabbin fitilun sun yi kyau ko sun yi muni, alhali motar tana cikin lulluɓi, ɓata yawu ne.

"To ai zanen ya ɓoye komai, hoton ba shi da amfani"

Wannan ma ba daidai ba ne. Zanen baƙi da fari ba ya hana a ga mota, hasali ma jawo ido yake yi. Aikinsa shi ne ya rikita ido da kyamara, a kasa gane inda layin jiki ya lanƙwasa da inda inuwa ta faɗi. Dabarar ta samo asali tun yaƙin duniya na ɗaya, lokacin da mai zane Norman Wilkinson ya ba rundunar ruwan Birtaniya shawara a 1917 cewa a yi wa jiragen ruwa fenti mai karkatattun layuka, don abokan gaba su kasa tantance inda jirgi ya dosa da saurinsa.

Akwai abubuwan da leda ba ta iya rufewa. Tazarar da ke tsakanin tayar gaba da ta baya tana nan a fili. Haka tsawon bonet, da inda gilashin gaba ya fara, da faɗin taya, da girman birkin da ake hangowa ta cikin wili, da yawan ƙofofi. Mai idon sani yana karanta waɗannan. Da aka fara ganin Corvette mai gajeren gaba da dogon baya, da manyan kafofin shan iska a gefe, babu ledar da ta isa ta ɓoye cewa injin ya koma baya. A nan masu hasashe sun yi gaskiya, domin sun tsaya a kan abin da hoton ya nuna.

Kuma su kansu injiniyoyi ba son lulluɓin suke yi ba. Yana tare iskar da ya kamata ta shiga lagireto, yana ƙara ƙarar iska, yana ɓata awo. A farkon 2008 General Motors ya cire wa motocin gwajin Camaro lulluɓinsu gaba ɗaya bisa umarnin Bob Lutz, ɗaya daga cikin manyan shugabannin kamfanin, don a samu auna sanyaya inji da ratsa iska yadda ya kamata. Dama jama'a sun riga sun san fasalinta tun daga samfurin nuni na 2006 da fim ɗin Transformers na 2007.

"Daga salansa da ƙarar mota ake gane injin da ke ciki"

Da can wannan magana tana da ƙarfi. Yanzu ta yi rauni sosai. Lokacin da Porsche ke gwada motarsa ta lantarki, Taycan, an ga motocin gwajin da bakin salansa na bogi a baya, alhali babu hayaƙin da zai fita. Ta ɗaya ɓangaren kuma, Dodge ya sa wa Charger Daytona mai aiki da batir wata na'ura da ya kira Fratzonic, wadda aikinta kawai shi ne ta fitar da ruri irin na babban inji. Ke nan ido na iya ruɗuwa, kunne ma haka.

Labarin Mustang na baya-bayan nan ya isa darasi. A watan Janairun 2017 Ford da bakinsa ya sanar cewa zai fito da Mustang mai haɗa fetur da lantarki a 2020. Daga baya aka ga takardun rajistar fasaha na kamfanin masu nuna inji mai silinda takwas da injinan lantarki biyu masu juya tayoyin gaba. Daga nan duk motar gwajin da aka hango, sai a ce ga ta nan, mai jan taya huɗu ce, mai batir ce. Ranar 14 ga Satumba, 2022 aka yaye lulluɓin a Detroit. Me aka gani? Inji mai lita 5.0 da silinda takwas yana nan, ƙaramin mai lita 2.3 yana nan, giyar hannu tana nan ga mai babban inji, tayoyin baya ne ke turawa kamar kullum. Babu batir ɗin da aka yi ta zance. Sunan Mustang ya hau motar lantarki, amma wata mota ce dabam, Mach-E, da aka nuna a Nuwamban 2019. Abin lura shi ne wannan jita-jita ba daga iska ta faɗo ba, tana da tushe a maganar kamfani. Kamfani ne ya sauya shawara, hoton kuwa ba shi da bakin da zai faɗi haka.

Sai dai akwai hoton da ya faɗi gaskiya a kan inji, kuma ya dace a ba shi haƙƙinsa. Bayan Dodge ya nuna samfurin Charger na lantarki a Agustan 2022, mutane da yawa sun ɗauka an yi ban kwana da fetur ke nan. A ƙarshen 2023 sai wasu hotuna suka ɓulla daga cikin masana'anta, na ƙwarangwal ɗin bodin ba fenti ba lulluɓi. A tsakiyar daɓen motar ga doron nan da giya da farfela ke bi ta ƙarƙashinsa, abin da motar batir zalla ba ta buƙata. Masu lura suka ce lallai akwai mai shan fetur a tafe. Ranar 5 ga Maris, 2024 Dodge ya tabbatar: akwai ta lantarki, akwai kuma mai suna Sixpack da injin Hurricane mai lita 3.0. Amma ko a nan hoton rabin labari ya bayar. Ya nuna akwai inji, bai nuna wane iri ba. Masu fatan ganin injin Hemi mai silinda takwas sun tarar da silinda shida a jere da turbo biyu.

"Kamfanonin ne da kansu ke sakin hotunan don talla"

Rabi gaskiya, rabi zato. Ɗaukar hoton motocin gwaji sana'a ce ta gaske mai wahala. Brenda Priddy, wadda ta yi suna a wannan fage, ta fara ne a farkon shekarun 1990 da hoton wata Mustang ta gwaji da ta ci karo da ita a jihar Arizona, daga nan ta shafe shekaru tana dakon motoci a zafin Death Valley, inda kamfanoni ke kai su don a ga ko za su jure. Wasu masu ɗaukar hoton suna fakewa a gefen titin tsere na Nürburgring a Jamus, wasu a kan daskararrun tafkunan Arjeplog a arewacin Suwidin. Kamfani na da filayen gwaji masu shinge, kamar na General Motors a Milford, amma dole wata rana mota ta fito ta sha zafi da sanyi da cunkoson titi na gaske, kuma a nan ake kama ta.

Duk da haka, idan ranar ƙaddamarwa ta matso, kamfanoni kan mayar da lulluɓin kansa abin talla. A Afrilun 2019 shugabar General Motors, Mary Barra, ta shiga Corvette mai lulluɓi aka zaga da ita cikin birnin New York, an rubuta ranar ƙaddamarwa ɓaro-ɓaro a jikin ƙofa. Hoton da ya fito tas, da haske mai kyau, daga kusurwar da ta fi ƙawata mota, akwai dalilin a yi zargin da sanin masu ita aka ɗauke shi.

"Tunda an fara gwaji, ta kusa fitowa"

Babu tabbas. Daga samfurin Camaro na Janairun 2006 zuwa fara ƙera ta a 2009 shekara uku ne. Zancen Corvette mai inji a baya kuwa tun zamanin injiniya Zora Arkus-Duntov ake yin sa, a shekarun 1960, bai tabbata ba sai 2019. Wani zancen ma ba ya tabbata sam. An shafe shekaru ana rubuta cewa tsohuwar mota mai suna Barracuda za ta dawo ta maye gurbin Dodge Challenger. Challenger ta ci gaba da fitowa daga masana'antar Brampton ta Kanada har Disamban 2023, aka rufe babinta ba tare da an ga wata Barracuda ba. Sunan Challenger ɗin ma bai tsallaka zuwa sabon zubi ba, domin mai ƙofa biyu da mai ƙofa huɗu duk Charger aka kira su. Suna da farashi da ranar fitowa a ofis ake yanke su, kuma ana iya sauya su har kusan ranar ƙarshe.

Akwai kuma wani abu da ya fi duk waɗannan ɓata ruwa a yanzu, wato hotunan da ba kyamara ce ta ɗauke su ba. Da ma can mujallun motoci kan sa mai zane ya kalli motar gwaji ya zana yadda yake zaton za ta kasance, su kuma rubuta a ƙasa cewa hasashe ne. Yau da kwamfuta ake haɗa hoton cikin ɗan lokaci, a yanke waccan shaida, a watsa a Facebook da YouTube da TikTok da sunan sabuwar mota. Har sabuwar Pontiac GTO ake tallatawa, alhali General Motors ya rufe Pontiac tun 2010. Wannan bai ma kai matsayin jita-jita ba, ƙarya ce tsagwaronta, kuma abin takaici ne yadda take samun masu yaɗa ta fiye da rahoton da aka sha wahala aka tantance.

Maganar ta shafe mu ta wata fuska. Charger da Challenger da Mustang da ake gani a titunan Abuja da Kano yawancinsu na hannu ne da aka shigo da su daga Amurka, kuma sabon zubi kan ɗauki lokaci kafin ya iso kasuwarmu. Dillali na iya nuna maka hoto a waya ya ce sabuwa na tafe, ka yi maza ka sayar da taka, ko ka yi maza ka sayi tasa kafin ta yi tsada. Sayen mota ko sayar da ita a kan irin wannan hoto cinikin biri a sama ne.

Idan irin wannan hoto ya zo hannunka, mai karatu, ka fara tambayar wa ya ɗauka, a ina, kuma yaushe. Ka yarda da abin da ido ke iya aunawa: tsawo, faɗi, yawan ƙofofi, girman taya da birki. Batun inji, suna, farashi da ranar fitowa kuwa, ka jira sanarwar kamfanin kafin ka tura wa wani ko ka taɓa kuɗinka.